Ƙafar Jirgin Gudu a Bayan Babban Inji: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Na shafe shekaru a Legas ina koyon aikin injinan jiragen ruwa na gudu a hannun maigidana, kafin in dawo gida Katsina in buɗe 'yar garejina a wajen Ƙofar Ƙaura. A nan abincinmu mota ne da janareto da injin ban-ruwa, domin kowa ya san ba mu da teku. Amma jefi-jefi sai ka ga an jawo jirgi a kan tirela an ajiye mini a bakin gareji: ko dai wani Alhaji ya sayo daga Kudu yana son ya riƙa sa shi a madatsar Zobe ko ta Jibiya, ko kuma yaranmu da ke tuƙa wa masu kuɗi jirage a Legas da Fatakwal su bugo waya suna neman shawara. Kusan kullum ciwon a wuri guda yake, wato ƙafa. Abin yana damuna, domin dukiya ce mai yawa take salwanta a kan abin da za a iya kiyayewa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake gaya wa masu yin su.

Wai mece ce ƙafar nan da kake ta faɗa?

Jirgin da muka saba gani a koguna yana da inji ɗan rataye, wanda ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale a kuma cire shi da yamma. Akwai kuma manyan jirage masu inji a ciki, da doguwar sanda da ta huda ƙasan jirgi ta riƙe farfela. Na ukun shi ne namu, wanda masu sana'ar ke kira sitandiraif. Injin yana zaune a cikin jirgi kamar na mota, amma giya da farfela suna waje, a cikin wani gida na alminiyam da ke maƙale da allon bayan jirgin. Wannan gidan shi muke ce wa ƙafa. Tana juyawa dama da hagu don tuƙi, tana kuma ɗagawa sama da ƙasa.

Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fara fito da ita kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, bisa aikin wani injiniya Ba'amurke, Jim Wynne. A 1961 kamfanin Mercury na Carl Kiekhaefer ya fito da tasa, MerCruiser, kuma ana samun ta a jiragen gwanjo da ke shigowa ƙasar nan.

Me ya sa ƙafa take riga inji mutuwa?

Dubi hanyar da ƙarfi yake bi. Ya fito daga inji a kwance, ya ratsa kuros guda biyu (gaɓoɓin da ke barin sanda ta lanƙwashe tana juyawa), ya shiga giyar sama ta lanƙwasa shi ya yi ƙasa, ya gangara ta sandar tsaye, giyar ƙasa ta sake lanƙwasa shi ya koma kwance, sannan ya isa farfela. Sau biyu ke nan yana shan kwana, kuma a kowace kwana duk ƙarfin injin yana bi ne ta kan haƙoran giya ƙalilan da suka haɗu a wannan lokacin.

Inji yana da sarari, ana iya ƙara masa girma. Ƙafa kuwa dole ta kasance siririya, domin a cikin ruwa take tafiya, kuma ruwa ya fi iska kauri da nauyi kusan sau 800. Duk ƙibar da ka ƙara mata gudu take ci. Shi ya sa giyar ƙasa, wadda ba ta wuce ka riƙe ta a tafin hannu ba, ita ce ke ɗaukar ƙarfin da a tirela sai an ba shi giyabos da mutum huɗu ba za su ɗaga ba.

Kowace ƙafa doki nawa take ɗauka?

A gidan Mercury, Alpha One ita ce ƙarama, an yi ta don injinan da ba su wuce ƙarfin doki 300 ba. Bravo One, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1980, tana kaiwa 400. Bravo One X ta ɗan ɗara ta, Bravo One XR kuma an ba ta har 600. Daga nan sai ƙafafun tsere irin su M6 da M8, waɗanda ake haɗawa da injinan da ke kaiwa doki 1,350. Su waɗannan giyarsu ba ta nutse cikin mai, famfo ne ke fesa mata shi, kuma canjin gaba da baya a wani giyabos daban yake. Akwai wasu kamfanoni a Amurka, irin su IMCO, da ke ƙera ƙafafu masu ƙarin kauri don su maye gurbin Bravo.

Amma ka riƙe wannan: lambar iyaka ce, kamar yadda ake rubuta wa gada nauyin da za ta ɗauka. Wanda kullum yake zaune a bakin iyaka, da shi da wanda yake can ƙasa da ita, ƙafarsu ba za ta yi kwana ɗaya ba.

To ai injina doki 400 ne, ƙafar ma 400 aka rubuta. Ina matsala?

Haƙorin giya bai san doki ba, murɗa ya sani. Ƙarfin doki lissafi ne na abu biyu: ƙarfin murɗa, da yawan juyin da inji ke yi a minti. Ka ɗauki inji biyu, kowanne doki 400. Na fetur yana ba da nasa a juyi 5,000, na gas, wato dizal, kuma a juyi 3,500. Tunda na gas ɗin a hankali yake juyawa amma aikinsu ɗaya, to murɗarsa ta fi ta na fetur da sama da kashi 40 cikin ɗari. A takarda sa'o'in juna ne, a kan haƙori kuwa ɗaya ɗan dambe ne, ɗaya yaro.

Sannan ita ƙafar da kanta tana ninka murɗar. Bravo One da yawa suna zuwa da giya mai lissafin 1.5 zuwa 1, ma'ana inji ya juya sau ɗaya da rabi, farfela ta juya sau ɗaya. Juyi ya ragu, murɗa ta ƙaru da rabi a kan sandar farfela.

Na uku shi ne nauyin jirgi. Inji guda a jirgi marar nauyi, da zarar an taka sai jirgin ya tashi ya hau kan ruwa, kayan da ke kan ƙafa ya ragu. Wannan injin dai a jirgi mai nauyi, an cika tanki, an loda mutane da kuloli, sai ƙafar ta yi ta nishi tana tura ruwa da ƙirji kafin ya tashi. Na sha ganin ƙafa iri ɗaya, inji iri ɗaya, wata ta shekara da shekaru lafiya lau a ƙaramin jirgi, wata ko damina biyu ba ta gani ba a babba.

Ban daki komai ba, amma giyata ta farfashe. Yaya aka yi?

Wannan tambayar ita ta fi ci mini rai, domin amsarta tana hannun direba.

Wata rana wani dattijo ya kawo mini jirginsa daga madatsa, shi da ɗansa, saurayi mai hankali. Na sa faranti a ƙasa na kwance kusar man. Tun kafin man ya gama zuba ƙauri ya cika gareji, baƙi ƙirin ya fito. A jikin mayen ƙarfen da ke kan kusar, maimakon ɗan laushin gari da aka saba gani, gutsattsarin ƙarfe ne kamar tsakin gero, ina murza su a yatsa suna suka ta. Da na buɗe murfin sama, haƙora uku sun cire daga gindi, sauran kuma fuskarsu ta yi ramuka kamar ƙasar da yayyafi ya daka.

Dattijon ya duƙa ya leƙa, ya ce, "Malam, mi ya ci ta haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke tuƙa shi?"

Yaron ya yi saurin cewa, "Wallahi Baba ban daki komai ba."

Na ce masa, "Na yarda da kai, ƙanena, ga farfelarka nan ko ƙwarzane babu. Amma nuna mini yadda kake tashi."

Sai ya sa tafin hannu ya tura iska gaba gaba ɗaya, kamar mai ture ƙofa. Na tambaye shi mutum nawa yake ɗauka, ya ce in abokai sun zo jirgin cika yake yi. Ban ƙara tambayar komai ba.

Tashi da totur a ƙure daga tsaye shi ne lokacin da ƙafa ta fi shan wuya: jirgi bai motsa ba, farfela ta ciji ruwa sosai, inji yana zuba murɗa. A tura totur sannu a hankali, a bar jirgin ya hau kan ruwa, sannan a ƙara. Bambancin daƙiƙu kaɗan ne a tafiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne tsalle. Idan jirgi ya hau raƙumin ruwa ya tashi sama, farfela ta fita daga ruwa, babu abin da ke riƙe ta, sai inji ya zabura juyinsa ya haura. Da jirgin ya faɗo, farfelar da ke gudu a iska ta afka cikin ruwa, sai a yi mata birki nan take, alhali inji da nauyinsa yana ci gaba da turowa. Abin da ke tsakaninsu shi ke shan dukan: haƙora, sandar tsaye, sandar farfela. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. A Legas maigidana yakan ɗora hannuna a kan totur, nasa a kan nawa, a bakin mashigar teku, ya ce in rufe baki in buɗe kunne. Da ka ji jirgi ya yi sakayau kuma kukan inji ya fara siranta, ka ja baya; da ka ji ya zauna, ka mayar. Muhimmancin wannan aikin ya kai a tseren teku mutum biyu ke zama, ɗaya sitiyari kawai yake riƙewa, ɗaya totur kawai.

Kada ka ce madatsa ba ta da raƙuman ruwa. Iskar da ke gaban hadari tana tayar da su, kuma mai zagaye yana tsallake igiyar da jirginsa ya bari shi ma tsallen yake yi.

Ina so in ɗora wa injina sufacaja. Ƙafar za ta jure?

Idan Alpha ce, ka bar maganar. Idan Bravo ce ta gama-gari, ka sani cewa sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru, galibi tana kawo murɗarta ne tun juyin inji yana ƙasa, daidai inda ƙafa ta fi rauni, wato wajen tashi. Ni shawarata ita ce a fara da ƙafa: ka tanadi kuɗin wadda za ta ɗauki ƙarfin, in ya ragu ka ƙara wa inji. Yawancin mutane akasin haka suke yi, domin inji shi ake buɗewa a nuna wa abokai, ƙafa kuwa tana cikin ruwa ba mai ganinta.

XR ta fi X, ko ba haka ba?

Ta fi ta ɗaukar duka. Giyar saman X haƙoranta a karkace suke, suna shiga juna a hankali, ba ƙara, amma suna tura juna gefe, kuma wannan turin yana matsa wa gida da boris. Na XR miƙaƙƙu ne masu kauri, ba su cika karyewa ba, sai dai suna da kuka, kuma masu aiki da su sun san fuskarsu tana saurin cinyewa. Mai tsalle a teku da inji mai doki 500 da wani abu, XR ce tasa. Mai yawo da iyali a ruwa kwantacce da inji matsakaici, bai kamata ya kashe kuɗinsa a kanta ba.

Wane mai zan zuba, kuma yaushe zan canza?

Man giyar jirgin ruwa, mai kauri 90, wanda kamfanin ƙafar ya ambata. Na san ana samun man giyar mota a kowane lungu, kuma ya fi araha, amma na ruwa an haɗa shi ne ta yadda ko ɗan ruwa ya shiga zai ci gaba da riƙe haƙora na ɗan lokaci. Na mota ba a yi shi don haka ba.

Ƙa'ida ita ce duk awa 100 ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa. A bayan babban inji ni ba na jira ya kai rabin haka. Man duka bai kai lita 3 ba a Bravo One, a Alpha kusan lita 2, kuma canjin mai shi ne kaɗai tagar da kake leƙa cikin ƙafa ba tare da ka kwance ta ba. Ana ɗura shi ne ta ramin ƙasa da famfo har sai ya ɓullo ta ramin sama, don kada iska ta maƙale a ciki a bar giyar sama a bushe. A sa sabon ɗan zoben da ke hana yoyo a kusoshin kowane lokaci. Kullum kafin a tashi a duba 'yar kwalbar man da ke ɗakin inji. In ka ga tana raguwa, man wani wuri yake zuwa.

Sabuwar giya kuma tana son awa 10 na farko a bi ta a sannu, ana sauya gudu, ba ƙure totur.

Man ya fito kamar shayi da madara. Me ke nan?

Ruwa ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka kada ka canza mai kawai ka koma ruwa. A zuƙe man, a hura wa ƙafar iska da ma'auni a ga ko tana riƙewa, a nemo sil ɗin da ya mutu, wato zoben robar da ke tare mai da ruwa.

A madatsunmu mai laifin kusan kullum ɗaya ne: zaren masunta. Guntun taru ko igiyar mamari ta naɗe a bayan farfela, ta yi zafi ta narke, ta kutsa ta yanke sil ɗin sanda. Daga waje ba ka ganin komai. Ka riƙa cire farfela kana dubawa, aikin minti goma ne, ka shafa giris a sandar kafin ka mayar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bayan doguwar tafiya saman ƙafar yana zafi, har fenti ya yi fari. Lafiya?

Lokacin da jirgi yake gudu a kan ruwa, rabin ƙafar na sama a iska yake, kuma a Bravo nan ne giyar sama da kuloci mai siffar mazurari suke. Ba ruwan da ke sanyaya su sai abin da ya fantsamo. Farin da kake gani busasshen ruwa ne da zafi ya ƙafar. Mai idan ya yi zafi ainun yakan tsinke, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe.

Akwai wani ɗan bututu da ake ɗaurawa, yana kamfato ruwa daga ƙasa da ƙarfin gudun jirgi yana kwarara shi a kan murfin sama. Ba shi da tsada, ba shi da abin lalacewa, kuma ga mai zafi irin namu na watan Afrilu da Mayu, da rana ke haura maki 40, ina ganin bai kamata a rasa shi ba. Sai dai ba ya mayar da ƙaramar ƙafa babba.

Ina jin gurnani daga baya idan na karya kwana.

Ko boris ɗin gimbal ne, wanda sandar inji ke ratsawa a allon baya, ko kuros. Su biyun suna zaune ne a cikin wata roba mai nanuwa kamar zugazugin maƙeri. Idan robar ta tsage, ruwa ya shiga ya yi musu tsatsa, kuma ta nan ruwa kan bi ya cika jirgi har ya nutse a inda aka ɗaure shi. Duk shekara a zare ƙafar, a duba robar, a murza boris da yatsa, a sa sandar gwaji a ga ko inji yana kan layi da ƙafa. Injin da ya sauka daga layi, ko da ɗan kaɗan ne, zai cinye haƙoran mahaɗin da ke bayansa, wata rana ka ba da wuta inji ya yi ta kuka jirgi yana tsaye.

Kuros kuma ba ya son aiki a lanƙwashe. Idan an ɗaga ƙafa sama sosai, kamar yadda ake yi don hawa tirela ko ratsa wuri marar zurfi, kada juyin inji ya wuce 1,200.

Ai ruwanmu ba gishiri. Ba shi ke nan mun huta ba?

Kun huta da cin gishiri, wannan gaskiya ne, kuma babban hutu ne. Amma madatsa tana da nata. Ruwan Zobe a ƙarshen damina daban, a tsakiyar bazara daban. Inda ka wuce lafiya a watan Oktoba, a watan Afrilu kututture ne ko dutse a ƙarƙashin taƙi biyu na ruwa, kuma ruwan ba garau yake ba balle ka hango. Kafin ka saki jirgi, je ka gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin, ka ɗauki ɗayansu ya zagaya da kai a hankali. Sun san gindin ruwan kamar tsakar gidansu.

Yashi da taɓo kuma suna cin 'yar farfelar roba da ke cikin famfon ruwa. A Alpha tana cikin ƙafa, a Bravo tana jikin inji. Kada a taɓa tayar da inji a kan tirela ba tare da an haɗa masa tiyo ba, cikin daƙiƙu take ƙonewa.

Sai guntayen ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin ƙafa don tsatsa ta ci su maimakon gidan alminiyam. Jirgin da ya zo daga Legas da na tutiya yake zuwa, waɗanda a ruwan gishiri suke aiki. A ruwan daɗi na magniziyam ake so. Kada a shafa musu fenti, kuma in rabi ya cinye a canza.

Wata magana da ba ta ƙafa ba, amma ba zan tsallake ta ba. Waɗannan madatsu abincin mutane ne. Ajiwa ita ke shayar da birnin Katsina, Sabke kuma mutanen ƙasar Daura ke amfana da ita, kuma ƙafar da ke ɗigar da mai cikin ruwan sha take ɗigarwa. Zobe da Jibiya suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, a nemi izini kafin a shiga. Igiyar ruwan da jirgin gudu ke bari tana iya kifar da kwale-kwalen masunci, don haka a rage gudu tun daga nesa, kuma kowa a jirgi ya sa rigar kariya daga nutsewa.

Wace farfela ce ba ta wahalar da ƙafa?

Wadda take barin inji ya kai juyin da kamfani ya rubuta masa idan an ƙure totur. Farfelar da takunta ya yi yawa kamar hawa tudu ne da giya ta biyar: inji yana nishi, ƙafa tana shan murɗa. Kowane inci ɗaya na taku yana sauya juyi da kusan 150 zuwa 200, da haka ake lissafin wadda ta dace.

Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi gudu da cizon ruwa, babban inji ma ita yake bukata. Amma idan ta daki kututture ba ta karyewa, sai ta miƙa dukan ga sanda da giya. Ta alminiyam ita ke karyewa ta fanshi ƙafa. Ga inji matsakaici a ruwan da ba ka san gindinsa ba, ni ta alminiyam nake zaɓa, in ajiye wata a jirgi.

Zan iya cire injin mota mai silinda takwas in sa?

Da yawa daga injinan MerCruiser na fetur tushensu injin General Motors ne, irin mai lita 5.7 da mai lita 7.4, don haka tambayar ba ta wauta ba ce. Amma na jirgi an sauya masa abubuwa. Salansarsa ruwa ke sanyaya ta. Kamshaf ɗinsa an zaɓe shi don kada ya zuƙo ruwa ta salansa. Kik da altaneto an rufe su don kada su yi tartsatsi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a mota yana zubewa ƙasa ya tafi, a jirgi kuwa taruwa yake a gindin ɗakin inji. Tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake kunna fankar zuƙe iska na minti 4 kafin a yi kik. Wanda zai sa kayan mota a wannan ɗakin, da rayukan mutane yake wasa, kuma ni ba na sa hannuna a irin wannan aikin.

Zan sayi ɗan gwanjo. Me zan duba?

Fara da sunan ƙafar. Idan OMC Cobra ce, ka tuna kamfanin ya durƙushe tun shekarar 2000, neman kayanta daga Katsina wahala ce. Idan ƙafar da injin ba sa'o'in juna ba ne, misali babban inji a gaban Alpha, wani ya riga ya yi haɗin gambiza, ka wuce.

Sannan ka ce a kwance kusar mai a gabanka. In man sabo ne fil, tambayi dalili. Juya sandar farfela da hannu ka ga ko tana rawa. Kama ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe. Ƙwanƙwasa allon baya da gindin sukudireba: a jirage da yawa katako ne a cikinsa, in ya sha ruwa ya ruɓe za ka ji sautin ya mutu, kuma gyaransa ya fi na ƙafa tsada. Kada ka biya sai an sa shi a ruwa ka ji shigar giya gaba da baya. Araha ba ta ado.

Awa nawa ƙafa take yi kafin a buɗe ta?

Duk wanda ya yanke maka lamba bai tambaye ka nauyin jirginka da yadda kake tuƙi ba, kada ka riƙe maganarsa. Mayen ƙarfen kusar mai shi zai gaya maka. Gari mai laushi, ci gaba. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji a yatsa, a buɗe yanzu, tun haƙori bai cire ya fasa gidan ba.

Bakaniken mota zai iya gyara ta?

Canjin mai, farfela, famfon ruwa, duk mai hankali zai iya. Haɗa giya kuwa sai wanda yake da littafin ƙafar da ma'aunanta. Tazarar da ke tsakanin haƙora da matsin boris ana daidaita su ne da wasu siraran faranti, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin takarda ba. In aka yi da ka, ƙafar za ta yi aiki lafiya a gareji, ta kuma watse a tsakiyar ruwa. Muna da haziƙan makanikai a garin nan, masu haɗa giyabos ɗin tirela ido rufe, kuma in sun samu littafin da kayan awon za su yi. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi kunyar cewa ba a da su. Giya kuma biyu-biyu ake canza ta, ba a haɗa sabuwa da tsohuwa.

Jirgin zai yi watanni a ajiye a gida. Yaya zan bar shi?

Canza man ƙafa kafin ajiya, kada ka bari sai ranar fita, don in akwai ruwa a ciki kada ya kwana yana cin boris. Sauke ƙafar ƙasa ta miƙe, domin in ka bar ta a ɗage robar zugazugin tana zama a miƙe gefe guda har ta tsage. Nema masa inuwa ko rumfa, ranarmu tana busar da roba fiye da yadda ruwa ke cin ta. Lulluɓe ɗakin inji saboda ƙurar hunturu, amma ka bar inda iska za ta shiga. Cire kusar gindin jirgi, ka ɗan ɗaga gabansa don ruwan sama ya fita, ka rataye kusar a jikin sitiyari inda ba za ka manta da ita ba ranar komawa ruwa. Cire batir ka ajiye a ɗaki. Kuma ka riƙa leƙawa saboda ɓeraye, suna son robar nan da wayoyi, musamman in an ajiye jirgin kusa da buhunan hatsi.